Awon Da Ba A Yi Masa Gyara: Rabon Mol a Lissafin Kemistiri

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato, akwai wata irin tambaya da muke lura 'yan ajin kimiyya suna tsallakewa a takardar kemistiri, su ce za su dawo mata in lokaci ya rage. Ita ce wadda ake ba da nauyin wani sinadari, sa'an nan a ce a nemo nauyin wani dabam da zai fito daga cikinsa, ko wanda ake buƙata don ya cinye shi. Lokacin kuwa ba ya raguwa. Maki masu yawa sukan zube a nan, har yaron da ke burin karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ya rasa kiredit a kemistiri saboda wannan kaɗai. Mun ga ya dace mu yi bayanin abin da Hausa a wannan mujalla, domin lissafin ba baƙo ba ne a garin nan. Iyayen da za su karanta wannan shafi, ko da ba su taɓa leƙa ɗakin gwaji ba, za su tarar sun san rabinsa tun daga kasuwa.

Sunan wannan fanni a littafi shi ne sitoyikiyometiri. Tsawon sunan ma kaɗai yakan karya wa yara zuciya. Wani Bajamushe mai suna Jeremias Richter ne ya ƙago shi a shekarar 1792, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin asalin sinadari, ɗaya kuma awo. Ke nan awon sinadarai ne kawai. Shekaru uku kafin nan, a 1789, Antoine Lavoisier na Faransa ya buga littafin da ya kafa dokar da duk lissafin ya jingina a kanta: idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗa, nauyin abin da ya shiga daidai yake da nauyin abin da ya fito. Ba abin da ke ɓacewa, ko da ya tashi sama a matsayin hayaƙi.

Bari mu fara daga wurin masu goro a kasuwar cikin birni. Wanda zai kai goron ɗaurin aure ba ya cewa a ba shi goro ɗari uku, sai ya ce ƙwarya uku, kowa kuma ya san ƙwarya ɗaya goro ɗari ne. A zamanin kuɗin wuri, kakanninmu sukan ce keso ɗaya, ma'ana wuri 20,000. Ƙwarya da keso da dozin duk sunaye ne na adadi. To, mol ma haka yake, sai dai adadinsa ya wuce misali: ƙwayoyi 6.02 × 10²³, wato a rubuta 602 a bi ta da sifiri ashirin da ɗaya. Dalilin girmansa shi ne ƙanƙantar abin da ake ƙirgawa. Ruwa giram 18, wanda bai fi babban cokali ɗaya da ɗan ɗori ba, mol ɗaya ne na ƙwayoyin ruwa. Da za a tara mutanen duniya duka, su biliyan takwas, kowa ya riƙa ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, sai sun haura shekara miliyan biyu kafin su gama da wannan cokalin.

Ana kiran adadin da sunan Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, ko da yake shi bai taɓa lissafa shi ba. Ya rasu a 1856, sai a 1909 Jean Perrin ya ba da shawarar a sa wa lambar sunansa don girmamawa. An shigar da mol cikin manyan ma'aunan duniya a 1971, tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019 kuma aka tsayar da adadinsa a kan 6.02214076 × 10²³ daidai, ba ragi ba ƙari. Tsofaffin littattafan da ke laburare suna bayyana mol ta hanyar giram 12 na kabon. Ga lissafin sakandare duk amsa ɗaya za a samu, kada wannan ya dami kowa.

Tun da ba mai iya ƙirga ƙwayoyin nan da hannu, sai a ƙirga su da sikeli, kamar yadda mai sayar da ƙusa ke auna kilo ya san kimanin ƙusa nawa ya bayar. Kowane sinadari yana da nauyin mol ɗaya nasa na kansa, kuma masu jarrabawa sukan rubuta lambobin a ƙarƙashin tambaya: haidirojin 1, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, sodiyam 23, kalsiyam 40. Mol ɗaya na kabon giram 12 ne. Mol ɗaya na CO₂ kuwa 12 ne a tara da 16 sau biyu, giram 44 ke nan. Ƙwaryar manyan goro ta fi ƙwaryar ƙanana nauyi, amma duk ɗari-ɗari ne. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe kan igiyar.

Yanzu ga inda rabo ya shigo. Marinan garin nan sun san yawan baba da toka da za su zuba a rijiyar rini. Magina tun zamanin Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a lokacin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, sun san yawan ciyawar da za a cuɗa da ƙasa. Birkilan yau ya san baro nawa na yashi buhun siminti ke ɗauka. Bambancin shi ne, birkila yana iya ƙara yashi ya ci riba, bulo ya fito, sai da damina asiri ya tonu. Sinadarai ba sa karɓar wannan. Suna haɗuwa bisa rabon da ba ya canzawa, duk abin da ya yi yawa kuma sai ya zauna a gefe ba a taɓa shi ba. Wannan rabon shi ne manyan lambobin da ake rubutawa a gaban kowane sinadari idan an daidaita jimlar haɗin, kuma lambobin nan mol suke ƙirgawa, ba giram ba.

Mu ɗauki mai sauƙi tukuna. A masana'antun siminti, kamar ta Kalambaina a Sakkwato da ta Ashaka a Jihar Gwambe, ana gasa dutsen farar ƙasa har ya saki iskar da ke cikinsa:

CaCO₃ → CaO + CO₂

Ba a rubuta lamba a gaban ko ɗaya ba, ma'ana ɗaya-ɗaya ne. A ce an tambaya: giram nawa na CaO za a samu daga giram 250 na CaCO₃? Da farko a mayar da giram zuwa mol. Mol ɗaya na CaCO₃ shi ne 40 da 12 da 48, giram 100, saboda haka giram 250 mol 2.5 ne. Sai a dubi rabo: ɗaya yana ba da ɗaya, ke nan CaO ma mol 2.5 ne. Daga nan a koma giram: mol ɗaya na CaO giram 56 ne, 2.5 sau 56 ya ba da giram 140. Sauran giram 110 sun tashi sama a matsayin CO₂. Idan muka faɗaɗa lissafin, kowane tan na tsantsar dutsen yana ba da kilo 560 na CaO, ya kuma saki kilo 440 na iskar. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake ambaton siminti duk lokacin da ake zancen ɗumamar yanayi.

Hanyar ke nan gaba ɗayanta: daga giram zuwa mol, daga mol ɗin wannan zuwa mol ɗin wancan ta kan rabo, daga mol a dawo giram. Mukan ce wa ɗalibai kamar fatauci ne tsakanin ƙasashe. Mai naira da ke son sefa, in ba a canza kai tsaye, sai ya bi ta kuɗin da kowa ke karɓa. Mol shi ne kuɗin da duk sinadarai ke karɓa.

Matsalar misalin siminti ita ce ya cika sauƙi, yakan sa yaro ya ɗauka matakin tsakiya ado ne. Misalin taki zai nuna ba haka ba ne. Takin yuriya da manomanmu na Giwa da Soba da Maƙarfi ke saye da damina yana farawa ne daga iskar amoniya, wadda ake haɗawa ta hanyar da Fritz Haber ya gano a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita aikin masana'anta a 1913:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Kuskuren da muka fi gani a takardun gwaji shi ne a karanta wannan a ce giram ɗaya na naitirojin da giram uku na haidirojin suna ba da giram biyu na amoniya. Ko da ido ma an ga ba daidai ba ne: huɗu sun shiga, biyu sun fito, ina sauran biyun? Karatun gaskiya shi ne mol ɗaya da mol uku suna ba da mol biyu. A giram kuwa, 28 da 6 suna ba da 34. Sikeli ya daidaita. Wani kuskuren kuma shi ne a taɓa ƙananan lambobin da ke ƙasa wajen daidaita jimla, a mayar da NH₃ ta zama NH₂ don lissafi ya tafi. Wanda ya yi haka ya canza sinadarin ne ɗungum, kamar mai awon da gero ya gaza masa ya cika mudun da dawa.

Daga amoniya sai yuriya:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

Mol ɗaya na yuriya giram 60 ne. Buhun kilo 50, wato giram 50,000, yana ɗauke da kimanin mol 833. Rabon amoniya da yuriya biyu ne da ɗaya, saboda haka ana buƙatar mol 1,667 na amoniya, kilo 28 da 'yan kai. In muka koma jimlar farko, kowane mol biyu na amoniya yana cin mol uku na haidirojin, sai mu ninka 1,667 da uku mu raba da biyu, mu sami mol 2,500, wato kilo 5 kacal na haidirojin. A lura ba mu tsaya komawa giram a tsakanin jimlolin biyu ba. Wanda ke kan mol ya ci gaba da tafiya a kan mol har ya isa inda za shi. Irin wannan lissafi ne injiniyoyi ke yi a masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, sai dai su da tan suke magana. Haidirojin nasu kuwa daga iskar gas ake ciro shi, shi ya sa masana'antun yuriya na ƙasar nan suke can kudu inda gas ɗin yake.

Akwai abin da manomi zai ɗauka a nan ya sa aljihu. Cikin giram 60 na yuriya, 28 ne naitirojin, wato kashi 46 da ɗori cikin ɗari, kuma lambar 46 da ke jikin buhu ke nan. Buhu ɗaya yana ba gona kilo 23 na naitirojin. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 7.5 yake bayarwa, ko da yake shi yana tafe da wasu sinadaran biyu da shuka ke so. A ce malamin gona daga Samaru ya ce masara tana buƙatar kilo 120 na naitirojin a kowace hekta. In da yuriya kaɗai za a biya wannan, buhu biyar ne da ɗan ƙari. In da kamfa kaɗai ne, buhu goma sha shida. Ɗalibin da ya iya yi wa mahaifinsa wannan lissafi kafin a je wurin dila ya fara biyan kuɗin makarantarsa.

Sai mu shiga ɗakin gwaji, inda rabon mol ya fi kayar da mutane, wato gwajin taitireshan na jarrabawar aiki da hannu. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuka ko a tukunyar wake, babban abin da ke cikinta shi ne sodiyam kabonet da ɗan'uwansa bayikabonet, gauraye da gishiri da ƙasa. Shi ya sa take tafasa in an matsa mata lemun tsami. Da asid na ɗakin gwaji, jimlar ita ce:

Na₂CO₃ + 2HCl → 2NaCl + H₂O + CO₂

A ce mun narka kanwa giram 2.00 muka cika ruwan zuwa mililita 250. Muka ɗebi mililita 25, muka ɗiga masa asid mai ƙarfin mol 0.10 a kowace lita har launi ya juya, muka ga mililita 20.0 ya ci. Mol ɗin asid shi ne 0.10 sau 0.020, wato 0.0020. Rabo ya ce kabonet ɗaya yana cin asid biyu, ke nan kabonet rabin wannan ne, mol 0.0010. Wannan a kashi ɗaya cikin goma na ruwan ne, saboda haka a duka akwai mol 0.010. Mol ɗaya na Na₂CO₃ giram 106 ne, sai muka sami giram 1.06, wato kashi 53 cikin ɗari na kanwar. Yaron da ya manta da lambar 2 zai sami giram 2.12. Kanwar da aka narka kuwa giram 2.00 ce duka-duka. Ya ciro abin da ya fi wanda aka zuba, kuma sau da yawa mukan ga an ja layi biyu a ƙarƙashin irin wannan amsa an wuce. Daƙiƙa goma na tambayar kai ko amsar tana yiwuwa sun isa su ceci makin. Mu ƙara da cewa, tun da bayikabonet ɗin da ke cikin kanwa ɗaya da ɗaya yake haɗuwa da asid, kashi 53 ɗin nan ƙiyasin ƙarfin kanwar ne gaba ɗaya, an auna shi kamar duka kabonet ne. Mai son rarrabe su sai ya yi gwajin da alamar launi iri biyu, wannan kuwa sai an je gaba.

Wani lokaci masu jarrabawa sukan ba da nauyin sinadarai biyu a tare. Mai haɗa kekuna da ke da gangar jiki goma da ƙafafu goma sha huɗu, keke bakwai zai fitar, gangar jiki uku su zauna jiran ƙafa. A ce an ba mu naitirojin giram 56 da haidirojin giram 9. Mol 2 ke nan da mol 4.5. Mol 2 na naitirojin suna neman mol 6 na haidirojin, ga shi babu, saboda haka haidirojin ne zai fara ƙarewa, kuma da shi za a yi lissafi: 4.5 sau biyu a raba da uku, mol 3 na amoniya, giram 51, naitirojin giram 14 ya yi saura. Wannan ita ce iyakar abin da zai yiwu a samu. A zahiri haɗin ba ya kaiwa ƙarshe a zagaye ɗaya, sai masana'anta ta yi ta mayar da ragowar iskar cikin tukunya.

Maganar abin da ke fara ƙarewa ita ce ta kawo mu ga misalin da muke roƙon iyaye su karanta ko da sun tsallake sauran. Da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, al'ada ce a shigar da kaskon garwashi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Ɗakunan cikin birni da yawa dama tagoginsu ƙanana ne. Idan iska ta wadata, gawayi yana ci kamar haka:

C + O₂ → CO₂

Idan ta yi ƙaranci, rabon sai ya sauya, kabon biyu su raba oksijin ɗaya:

2C + O₂ → 2CO

Iskar CO ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini yana riƙe ta fiye da yadda yake riƙe oksijin sama da sau ɗari biyu. Yanzu mu yi lissafi. Rabon kabon da CO biyu ne da biyu, wato ɗaya da ɗaya. Kabon giram 12, gutsuren gawayin da bai kai ƙwan kaza girma ba, mol ɗaya ne, zai kuma iya ba da mol ɗaya na CO. Mol ɗaya na kowace iska, a ma'aunin zafi da matsi da ake amfani da shi a jarrabawa, yana cika lita 22.4. Ɗaki mai tsawon mita 3, faɗin mita 3, tsayin mita 2.5 yana ɗaukar iska lita 22,500. A raba 22.4 da 22,500, an sami kusan kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ɗan adadi ya isa ya sa ciwon kai da jiri, ya sumar da mutum, ya kuma kashe wanda ya kwana a ciki. Gaskiya ne ba duk gawayin kasko ne ke komawa CO ba, amma kasko ɗaya yana ɗaukar irin wannan gutsure da yawa, mai barci kuma ba ya jin jirin da zai tashe shi. Hayaƙin janareta da aka tayar a zaure ko a lungun ɗaki don gudun ɓarayi, iskar nan ce dai a cikinsa. A ji ɗumi, a fitar da kasko waje kafin a kwanta, a bar wa iska hanya. Wanda aka tarar ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fito da shi sarari nan take a nufi asibiti da shi, kada a tsaya ba shi fura ko shafa masa ruwa ana jiran ya farfaɗo.

Ga 'yan aji biyar da shida, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, ga aikin hutu. A ɗauka tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 tsantsar butan ce, C₄H₁₀, mai nauyin giram 58 a mol ɗaya, tana kuma ci kamar haka:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Lita nawa na oksijin za ta cinye kafin ta ƙare? Amsar ta ɗan haura lita 31,000. Wanda ya sami wajen 4,800 ya tsallake rabon 2 da 13, sai ya sake zama. A kawo mana aikin a ɗakin gwaji makon farko na dawowa, da duk matakan a rubuce.